Ɗinkin Da Ke Cikin Rigar Dalma

Shafi na 14

Masu cika min waya da cewa na bar Hadil a tsaye riƙe da tire tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, ni ma ina da miji da tukunya a wuta. Ga abarku nan.

"Hadil, ajiye tiren nan ki biyo ni."

Sitt Jorjet ce, wato Uwargida Jorjet a bakin mutanen ƙasar, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ai ita ba ta ɗagawa, shi ya sa ake tsoronta. Ita ce shugabar ma'aikatan ɗakin ƙasɗara, inda ake zura siririyar roba ta jijiyar hannu har cikin zuciya a buɗe hanyar jinin da ta toshe. Duk ɗalibin da ya gama karatun aji ya zo shekarar koyon aiki, a hannunta yake faɗowa, kuma sai ta ce ya iya kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe.

Hadil ta waigo. Ta ajiye tiren ta bi bayanta.

Ɗakin ba kowa, an gama da masu jinyar safe. A kan gadon da ake kwantar da mutane, rigar dalma ce a shimfiɗe, irin mai nauyin nan da ake sawa don kada hasken na'urar hoto ya ratsa jikin ma'aikaci. Shuɗiya, da sunan Hadil a ƙirji. Ƙusai, mijinta, shi ya saya mata da ya ga ta asibitin tana karya mata baya.

"Taki ce?"

"Tawa ce, Sitt Jorjet."

"Yau ranar duba riguna ce, kin manta?"

"Na manta wallahi."

"To zo nan bayan gilashi. Ki kalli allo, kada ki kalle ni."

Ta taka na'urar. Allon ya yi baƙi ƙirin, yadda lafiyayyar dalma take fitowa. Sai dai a tsakiya, daidai inda cibiyar mutum take zama, ga wasu ɗigo-ɗigon haske a jere, sun yi zobe. Tsaf da su, babu wanda ya kauce wa ɗan uwansa.

"Karanta min, ɗaliba."

Hadil ta matsa kusa da allon.

"Huda ce."

"Ta me?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Na ga rigar da ta tsage, na ga wadda aka ninke ta karye, na ga wadda wani sakarai ya zauna a kai da makulli a aljihu. Yau ne na fara ganin wadda aka yi wa ɗinkin hannu."

Ta buɗe tafinta. Ɗan ƙullin farin ƙyalle ne, an farke bakinsa. A ciki akwai shuɗin dutsen ado da 'yan ƙwayoyin habbatussauda.

Hadil ta dafa bango. Ta san ƙyallen. Daga tsohon mayafin surukarta, wadda take kira Khalti, aka yanko shi.

"Wayyo, Khalti!"

"Na ce ko. Yaushe kika kai rigar gida?"

"Juma'ar waccan. Don in goge ta ne kawai."

Sitt Jorjet ta ja kujera da ƙafa ta tura mata.

"Zauna. Wata nawa?"

"Wane wata?"

"Kai, yarinyar nan. Ni za ki yi wa? Babu tsohuwar da za ta ɗinka dutsen kare baki a kan cibiya don a ci jarrabawa. Da a wuya za ta ɗinka. Kuma kwana nawa ina miƙa miki shayin ganyen maramiyya, wanda masu ciki ke gudu, kina cewa kin ƙoshi? Ke da kike shanye nawa in na juya baya?"

Hadil ta sunkuyar da kai. Hawaye suka fara ɗiga a kan koren wandon aikinta.

"Na yi alkawari. Ba zan iya faɗa da bakina ba."

"To kar ki faɗa. Nuna min da yatsa."

Ta ɗaga yatsu biyu, ta ɗan lanƙwasa na uku.

Ku da kuka biyo mu daga farko kun san abin da ke cin yarinyar nan. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa. Na farko an sanar a wurin biki, na biyu maƙwabta suka ji, kowanne bai ƙara mako uku ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da wannan ya samu, surukar tata, Umm Ƙusai, ta riƙe hannunta biyu tana kuka, ta ce kada kowa ya ji sai ya shiga wata huɗu, ko da uwar da ta haife ta ce. Hadil ta ce to.

"Kin san doka," in ji Sitt Jorjet.

"Na sani."

"Faɗa min ita. Ai kin ci darasin kariya daga haske, har kin fi kowa maki, na gani."

"Mai ciki tana sanarwa. A ba ta ma'aunin haske na biyu ta sa a ƙarƙashin riga. A rage mata tsayuwa kusa da na'ura."

"Sai kika yi me?"

"Sai na yi shiru."

"Saboda alkawari kaɗai?"

Hadil ta share hanci da bayan hannu.

"Da tsoron shugaban horonmu, Dakta Mazin. Kin ga abin da ya yi wa ɗalibar nan Sawsan bara. Tana faɗa masa tana da ciki ya ce ta tafi gida ta dawo baɗi, har yau ba ta dawo ba. Sitt Jorjet, makina bai kai na likitanci ba, na haƙura. Na yi karatun jinya, na yi aiki, na sake komawa aji da yaran da na girma. Saura ƙiris in gama. Na ce ai rigata sabuwa ce, tana kare ni."

"Tana kare ki, sai da aka yi mata ado."

Sai kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya.

"Na kashe shi ko? Da hannuna na sa rigar, kullum, ina jin daɗi wai ina kare shi!"

"Ke! Rufe min baki. Dube ni."

Matar da ɗalibai suke kira Dutse a bayan idonta ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama fuskar Hadil da hannu biyu.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban iya ba. Hudar allura ce, ba taga ba. Kuma ke a ƙafar gado kike tsayawa, ba a gindin na'ura ba. Za mu aika da ma'auninki a karanta, ni dai raina bai ba ni za a ga wani abin tashin hankali ba. Amma rigar nan ta gama aiki, shirun nan ma ya gama. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Me likitar mata ta ce?"

Hadil ta kau da kai.

"Hadil?"

"Ban je ba."

"Ba ki me ba?"

"Gwajin gida kawai na yi. Sau biyu ana ɗora min abin nan a ciki, sau biyu likita tana juya allo ta ce in yi haƙuri. Ba zan iya na uku ba."

"Oh ni Jorjet! Yarinya ta wuni tana kallon zukatan mutanen garin Irbid kaf a allo, ta kasa leƙa guda ɗaya da ke cikinta."

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofar waje, irin ƙwanƙwasar wanda hannunsa yake cike, da gwiwar hannu.

"Ina 'yata? Ku fito abinci zai huce!"

Umm Ƙusai kenan. Tun da abin ya samu, kullum azahar sai ta hau mota ta kawo abinci, wai na dukan ma'aikata ne, alhali kowa ya lura cinyar kaza gaban mutum ɗaya take zuwa. Yau makmura ce, gashin kaza da albasa a cikin ƙullin fulawa, an naɗe tiren da tawul biyu, ƙamshin albasa da man zaitun ya riga ta shigowa.

Hadil ta zabura.

"Don Allah, Sitt Jorjet, kada ki nuna mata. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"In ba ta ɗauka ba, ai ta zo inda ake gyarawa."

Ta buɗe ƙofar.

"Maraba da Umm Ƙusai. Ajiye a nan. Shigo in nuna miki wani aiki, an ce kin san ɗinki."

"An ce? Wa ya ce an ce? Rabin amaren unguwarmu da rigar da na yi wa zare suka shiga ɗaki. Ke kuma me ya sami idonki, 'yata? Wa ya taɓa ki?"

"Ba komai, Khalti."

"Ba komai ido ya yi ja kamar gauta?"

Sitt Jorjet ta jawo ta bayan gilashi ta nuna mata hoton da ya tsaya a allo. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta matsa, ta ƙura ido. Wallahi sai ga murmushi.

"Kai, wannan hannu ya iya. Dubi tazara, kamar an auna."

"Naki ne."

Murmushin ya tsaya. Ta dubi rigar da ke kan gado, ta dubi ƙullin da ke kan tebur, ta dubi Hadil.

"Kin faɗa?"

"Ban faɗa ba, Khalti, na rantse."

"Ba ta faɗa ba," in ji Sitt Jorjet. "Allurarki ce ta faɗa. Da me kika ɗinka?"

"Da basillar katifa. Ƙaramar ta ƙi shiga, abin tauri gare shi kamar fatar raƙumi. Sai da na sa ƙarfi."

"Har ya fita ta ɗaya gefen."

"To in bai fita ba ya za a yi ya kama? Ni ba na ɗinkin da zai warware."

"Umm Ƙusai, wannan taurin da ya ƙi allurarki, shi ne yake tare hasken na'ura kada ya kai ga abin da ke cikinta. Duk ɗigon da kika gani a allon nan, ƙofa ce kika buɗe masa."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai a wannan tsohuwar. Jakarta ta zame daga kafaɗa ta faɗi, ba ta ko duba ba. Ta laluba kujera ta zauna a gefenta.

"Ni? Ni na huda?"

"Ba da sani ba."

"Na tashi kafin kowa, na yi alwala, na ɗinka ina addu'a a kan kowane zare. Na ce idon mutane ba zai same shi ba wannan karon." Ta ɗaga hannayenta tana kallonsu. "Garin neman gira na rasa ido. Ƙusai zai ce uwarsa ce."

Hadil ta manta da nata kukan. Ta zube a gabanta ta kama hannayen ta sumbata.

"Khalti, wallahi ko a lahira ba zan ce ke ce ba. Wa ya kwana a ƙasa kusa da gadona wancan karon? Wa ya wanke ni? Uwata tana can nesa a garin Aƙaba, ke ce kika yi."

"Ki bar ni, 'yata. Tsohuwar banza mai basilla."

"Ba zan bari ba. Ni na san doka na take, ke ba ki sani ba."

"To ku raba laifin biyu kowa ta ɗauki nata, kun ishe ni," in ji Sitt Jorjet, tana goge ido da gefen hula wai gumi ne. "Ki daina kallona haka, Umm Ƙusai, ni ma akwai irin dutsen nan a motata, kusa da gicciye. Uwata ta rataya, kuma ban cire ba. Amma a madubi ta rataya, ba ta huda min taya ba."

Tsohuwar ta yi wata dariya mai haɗe da majina.

"Allah ya shirye ki, Jorjet."

"Amin. Yanzu ku saurara. Dole Dakta Mazin ya sani, shi ne shugaban horon nan. Amma daga bakina zai ji, gobe da safe, bayan ya sha gahawarsa. Zan ce masa a mayar da ita bayan gilashi, ta riƙa lura da bugun zuciya da ƙarfin jini tana rubutawa, ai shi ma aikin ne, kuma yana cikin abin da ake tambaya a jarrabawa. In na same shi a daidai zai yarda. Amma mutumin nan in ya tsinci magana a hanya, ya ji an ɓoye masa, ko Sarkin ƙasa ya roƙa ba zai janye ba. Don haka daga nan zuwa gobe, kowa ta ɗinke bakinta. Ke ai kin iya ɗinki."

"Ni? Ni za a koya wa shiru? Tun da abin ya samu ko 'yar uwata ban gaya wa ba. Mijina ma da yana raye sai ya ga jariri."

"Madalla. Saura alkawari. Kin sake ta?"

Umm Ƙusai ta shafa kan Hadil.

"Na sake ki, 'yata. Ki faɗa wa duk wanda zai kare min shi."

Sitt Jorjet ta leƙa waje, ta dawo tana turo ƙaramar na'urar da ake duba zuciya da ita ta kan fata, mai aiki da sauti, babu ruwanta da haske. Ta ture rigar dalmar gefe.

"Hau."

Hadil ta ja da baya.

"A'a. Don Allah a'a."

"Ni ba likitar mata ba ce, kuma gobe sai kin je wurinta ko da a bayana zan goya ki. Amma zuciya dai zuciya ce, na san kamarta. Ba za ki kwana da wannan tsoron ba."

"In babu fa?"

"In babu, muna nan mu biyu, ba ke kaɗai ba."

Umm Ƙusai ta miƙe ta kama hannunta.

"Hau, 'yata. Ni zan kalla miki. Ke ki rufe ido."

Ta hau. Gadon da ta sha kwantar da tsofaffi tana ce musu kada su ji tsoro, yau ga ta a kai. Sanyin man da ake shafawa kafin a duba ya taɓa mararta ta runtse ido. Tana jin yatsun surukarta suna matse nata, tana jin leɓunanta suna motsi da addu'a.

Sitt Jorjet ta danna, ta karkata, ta sake dannawa. Ba ta ce komai ba.

Hadil ta san wannan shirun. Sau biyu ta taɓa jin sa.

"Ki faɗa kawai, Sitt Jorjet."

"Yi min shiru."

"Jorjet, me kika gani?" in ji tsohuwar. "Ni ban ga komai ba sai toka."

"Umm Ƙusai, dutse nawa kika ɗinka?"

"Ɗaya."

"To kin yi rowa. Hadil, buɗe ido. Karanta min, ɗaliba."

Ta buɗe. A cikin tokar allon ga wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, da sauri da sauri, ba ya gajiya. Ta ƙura masa ido. Sitt Jorjet ta ɗan karkata hannu, sai ga wani a gefensa, shi ma yana nasa.

"Biyu," in ji Hadil, da ƙyar. "Khalti, biyu ne. Duka suna bugawa."

Jama'a, kun san matar da ta ce ko 'yar uwarta ba ta gaya wa ba? Matar da ta sa aka yi alkawari, ta yanka mayafinta don kada kowa ya ji? Ita ce ta saki hannun Hadil, ta ɗora tafi a saman leɓe, ta rangaɗa guɗa. Ba ƙarama ba, irin ta ɗaurin auren ɗan fari, mai hawa uku. Ta ratsa gilashi, ta ratsa ƙofar dalma, ta bi baranda har wurin masu jiran magani.

"Umm Ƙusai!"

"Khalti!"

Tsohuwar ta toshe bakinta da hannu biyu, ido waje. Ina, guɗar ta riga ta fita.

Suka ji takun takalmi yana tahowa, ba gudu ba, ba kuma a hankali ba. Hadil ta jawo riga ta rufe cikinta, ba ta ko goge man ba. Sitt Jorjet ta kai hannu za ta kashe allon, ƙofar ta riga ta buɗe.

Dakta Mazin ya tsaya a bakin ƙofa da kofin gahawa a hannu, bai ko kurɓa ba. Ya dubi tsohuwar da ke toshe da baki. Ya dubi hudajjiyar riga. Ya dubi ɗalibarsa a kan gadon marasa lafiya. Sannan idonsa ya sauka a allon, inda hoton ya tsaya.

"Sitt Jorjet," ya ce a hankali, "zukatan wane ne waɗannan?"

Kafin kowa ta buɗe baki, Umm Ƙusai ta sauke hannunta, ta shiga tsakaninsa da gadon.

"Nawa ne, ɗana. Rufe ƙofa ka zauna, da ni za ka yi magana."